Na fasa batir a inda 'yata ke wasa, yanzu wani ake zargi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka ɓoye sunana da lambata, kada ka bar ko harafi ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin zan jero abin ne yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, ni ban iya ba da labari a tsallake ba.

Ranar Litinin da ta wuce, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, mu huɗu ne a ɗakin likita a Anka, ni da maiɗakina da mahaifiyarta wadda duk muke kira Inna, sai likitan. 'Yarmu mai shekara uku, zan kira ta Ummi ko da yake ba sunanta ba ne, tana kwance a ɗakin yara an sa mata ƙarin ruwa. Likitan ya ajiye takardar gwajin jini a kan tebur ya ce gubar dalma ce a jikinta, kuma ta yi yawa. Sannan ya tambaya ko akwai wani abu mai dalma da ke shiga gidanmu. Na san amsar, kwana biyu ke nan da saninta a lokacin. Ban buɗe baki ba, kuma har yau Laraba da nake rubuta wannan ban buɗe ba.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Ina bin kasuwanni tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙauyukan da ke tsakani, masu kiwo na kirana Dakta, masu tsokana na ce mini likitan awaki, alhali iyakar karatuna sakandare ce da wani kwas na wata shida. Shekara huɗu da suka wuce na sayi tsohuwar bas na cire kujerun baya, kafinta ya yi mini gado da akwatunan magani a ƙarƙashinsa, na sa ƙaramin firji na ajiye allurar rigakafin kaji da ta awaki, da fanka, da ƙwan fitila biyu, da lasifika a saman mota ta yin shela a kasuwa. Kun san halin hanyoyinmu, idan la'asar ta yi maka a gari to a garin za ka kwana, shi ya sa motar ta zama ɗakina na biyu. Duk waɗannan kaya ba sa taɓa batirin tayar da mota, na sa musu nasu batir na biyu a bayan kujerar direba. Idan mota na tafiya yana caji, idan an kashe ta akwai wani ɗan abu da ake kira rile da ke raba batiran biyu, don kada in wayi gari mota ta ƙi tashi.

A ƙarshen damina batir na biyu ya fara zubar da wuta. Zan kashe mota da yamma mita na nuna sha biyu da ɗigo shida, in tashi da asuba in tarar ya sauka ƙasa da sha ɗaya, firji ya yi shiru, cikinsa ya yi ɗumi. Allurar rigakafi idan ta sha zafi ta mutu, ko da kwalbar na nan da kyanta, kuma ni ban taɓa yi wa dabbar mutum matacciyar allura ba, sau biyu ina zubar da kwali guda. Na ɗauki littafi na ja layi, kullum in rubuta awon yamma da na asuba, na ce zan bi abin daki-daki har in kama abin da ke shan wutar.

Na fara da kan batir, na kankare, na ɗaure, na shafa giris, bai canza ba. Na biyu na cire fanka da fitilu da wurin cajin waya na kwana uku, ina kwana cikin zafi da sauro, bai canza ba. Na uku na zargi firjin, na sauke shi na jona a solar maƙwabcina kwana biyu, lafiyarsa ƙalau. Na huɗu wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a tashar Anka ya ce rile ne ke mannewa, wuta na komawa batirin gaba, na sayi sabo aka sa, rana ɗaya kamar an dace, washegari muka koma gidan jiya. Na biyar na ɗauko tsohon batir da nake da shi a ajiye, na kai aka yi masa caji na sa, shi ma ya kwana ya zube. A nan ne ya kamata hankalina ya tsaya, batir biyu ba za su kamu da ciwo ɗaya a mota ɗaya ba sai in ciwon a jikin motar yake. Amma na gaji, kuma na riga na sa a raina cewa na gama duba motar, ga shi a rubuce a littafi, ni kuma idan na rubuta abu ba na son komawa kansa.

Ranar kasuwar Bukkuyum na kai ƙorafi wurin wani mai cajin batir, mutum mai baki, yana magana yana ɓare gyaɗa. Ya leƙa ramukan batir da tocila ya ce, "Dakta, kai da ka tada sa daga kwance, batir ya kada ka? Gishiri ne yak kama farantan ciki. Yanke murhin sama, ka hiddo su, ka kankare da buroshin ƙarhe, ka wanke, ka shanya, ka maida, ka kawo in zuba maka sabon ruwa. Sai ya koma saurayi." Na ce to ya yi mini, ya ce shi ranar kasuwa ba ya da hannu, kuma aikin ba ya son wani gwani. Ba na ɗora masa laifi, bai ce mini in yi a cikin gida ba, ni na zaɓi wurin.

Kafin in faɗi abin da na yi, sai kun san wace ce maiɗakina. 'Yar Tungar Daji ce. A shekarun da gubar dalma ta riƙa ɗibar yara a ƙauyukanmu tana gidan mijinta na fari, a tsakar gidan ake daka dutsen zinari, kusa da inda ake surfe, ɗanta na fari ya cika a hannunta yana jijjiga, bai kai shekara biyu ba. Ta yi kusan shekara ba ta cikin hayyacinta, ba ta gane mutane, auren ya mutu a kan haka. Da na zo nemanta abu ɗaya ta nema a wurina, in rantse dutsen ma'adini da kayan haƙa ba za su taɓa ƙetare zauren gidana ba. Na rantse a gaban Inna da kawunta. Muka yi shekara bakwai muna jira kafin Allah ya ba mu Ummi, kuma ita kaɗai gare mu.

Akwai kuma wani ɗaki a jikin gidana mai ƙofa ta waje, na ba wani mutum haya, zan kira shi Sale. Mutumin ƙasar Bauchi ne, magidanci, iyalinsa na can, haƙar zinari ta kawo shi. Maiɗakina ba ta so ba, na ce ta bar mini, ni zan iya da shi. Na kafa masa sharaɗi uku, ya yi wanka ya canza kaya tun a wurin aiki, kada ya kawo ko tsakuwa ɗaya, kada takalmin aikinsa ya taka dokin ƙofa. Wata goma sha huɗu ina sa masa ido, har leƙa ɗakin nake yi ba sanarwa, ban kama shi da ko ɗaya ba. Ummi ta saba da shi, da ta ji ƙarar ƙofarsa sai ta ruga tana kiran Baba Sale, ya ba ta biskit ya kore ta cikin gida.

To, na fasa batir biyun, na bayan kujera da tsohon nan da na gwada, a gida, a lungun bayan madafa, ƙarƙashin dogonyaro, domin nan ne inuwa take, kuma nan ne Ummi ke tuwon ƙasa da 'ya'yan maƙwabcinmu biyu. Hantsi uku na yi ina aikin, na fara da tsohon don in koyi hannu. Abin da na kiyaye shi ne ruwan batir, shi na san yana ƙona fata, na juye shi a jarka na rufe na kai mota, ban bar kowa ya matso ba sai da na gama wannan. Farantan kuwa na ɗauke su kamar kowane ƙarfe. Na yi ta kankara da buroshi, wani gari mai toka-toka da wani mai ja-ja yana zuba a ƙasa, wasu farantan suna rugujewa a hannuna. Maiɗakina da kanta ta riƙe buta tana zuba mini ruwa ina wankewa, ruwan na bin ƙasa, tana yi mini dariya, ta ce, "Malam, yau kuma hiɗar batir aka yi? Allah shi ba marar lahiya lahiya." Ummi na tsugune kusa da mu tana tsintar gutsattsarin tana zubawa a gwangwaninta, wai naman miyarta ne. Na gan ta da idona. Na ce mata kada ta yanke hannu, iyakar abin da na ce ke nan.

Ku yarda ko kada ku yarda, ni dalma a dutse na san ta, da ƙurar injin niƙan ma'adini, haka aka yi ta faɗa mana a rediyo da masallaci shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa ce mini tana zaune a bayan kujerata shekara huɗu. Ita ma maiɗakina haka ta sani, wadda ko baƙo ne ya shigo da ƙura a ƙafa sai ta sa ya wanke a zaure.

Batiran ba su ƙara aiki ba, duka biyun na kashe su. Na tattara ragowar farantan a buhu na cusa a ƙarƙashin gadon mota da niyyar in ba masu sayen tsohon ƙarfe, na sayi sabon batir fil na sa. Shi ma ya kwana ya zube. A cikin wannan tsakanin, kamar mako uku bayan aikin, Ummi ta fara ciwon ciki, ba ta yin bayan gida, ta ƙi abinci, ta koma mai rigima, yarinyar da da ba ta kuka sai da dalili. Muka ce tsutsar ciki ce, ni Dakta na sayo magani na ba ta. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta na wannan. Idan jikin ya yi sauƙi ta koma lungunta ta ci gaba da tuwon ƙasa, idan ya tsananta uwarta ta shimfiɗa mata tabarma a wurin don ta sha iska. Ni kuma ina kan hanya, hankalina na kan mita da littafi.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce da ƙarfe biyu da rabi ina Gummi, wani ya nuna mini wani dattijo mai rewaya a bayan tasha. Bai ko kalli littafina ba. Ya sa na kashe komai, ya cire waya ɗaya daga kan batir, ya sa ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batirin, sai ƙwan ya kama. Ya ce to ga shi, akwai mai sha kana barci. Ya riƙa zare wayoyi ɗaya-ɗaya yana kallon ƙwan, da ya zare wata siririya ja sai ƙwan ya mutu. Muka ɗaga katifa muka bi ta, ta kai mu ga ampilifayar lasifika. A ƙarshen damina na canza ta a gaggauce ana gobe kasuwa, wanda ya sa ta ya jona ta kai tsaye da batir, makunnin da nake kashewa makirfo kawai yake yankewa, ita tana nan a kunne dare da rana. Ni ban ma sa ta a lissafi ba tunda ina ganin makunninta a kashe. Dattijon ya ce in taɓa ta, na taɓa na ji ɗumi. Duk aikin bai kai minti goma ba. Ya yi dariya ya ce, "Wata biyu kana yi wa mai lahiya allura, Dakta."

Akwai wani masunci a kan benci yana jiran a gyara masa fitila, da muka ɗaga katifar ya hangi buhun. Ya ce, "Maigida, wagga dalma ta saidawa ce?" Na ce wace dalma. Ya ce, "Ta cikin buhu mana, ita muka narkawa mu yi wa birgin kamun kihi nauyi, shi nutse da wuri." Na ce masa ƙarfen batir ne ba dalma ba. Ya tashi ya zaro guda, ya lanƙwasa ta da yatsa biyu, ya karce ta da wuƙa ta yi ƙyalli, ya miƙo mini ya ce, "Ƙarhen garinku haka shika lanƙwasa?" Dattijon ya ce ai batir dalma ce da ruwa, in ka cire su robar kawai ta rage. Na tambaye shi ko ita ce dalmar nan da ta kashe yara. Ya daina dariya, ya dube ni ya ce a ina na fasa su. Na ce a daji. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Na zauna a dokin ƙofar mota. Kafin a gama ɗaure wayoyi la'asar ta wuce, ba halin kama hanya. Na kira maiɗakina da niyyar in faɗa mata komai, ta ɗauka na ji muryarta a gajiye, ta ce Ummi ta yi amai sau biyu amma ta yi barci. Abin da ya fito daga bakina shi ne ta hana yara zuwa ƙarƙashin dogonyaro, na ga kunama a wurin kafin in taho na manta ban faɗa ba. Ƙarya ta biyu. Ranar Lahadi da safe ina tsakiyar hanya maƙwabcina ya kira, ya ce Ummi ta yi jijjiga idonta ya kakkafe, ya ɗauke su a babur zuwa asibiti, uwar ko takalmi ba ta sa ba.

Wannan ya kawo mu ɗakin likita ranar Litinin. Da ya yi tambayar ya fara jero abubuwa, ko ana niƙa ma'adini kusa da mu, ko ana sa wa yarinyar kwalli, maiɗakina ta ce ita rabonta da kwalli tun rasuwar ɗanta. Bai kai ga na uku ba Inna ta tari numfashinsa ta ce, "Likita, akwai mahaƙi a jikin gidan. Tun ranar da yaz zo nic ce a kore shi, ba a ji ba. Kullum ɗiyar tana bakin ƙoharshi tana cin abin hannunshi." Maiɗakina ta juyo ta dube ni, ba ihu ba kuka, ta ce, "Malam, na gaya maka." Likitan ya tambaye ni sana'ata, na ce maganin dabbobi, ya rubuta ya wuce. Sannan ya yi mana bayani, akwai maganin da ke jawo dalma daga jini kuma sun fara ba ta, amma idan aka mai da yarinya kan ƙasar da ta kwaso gubar to aikin banza aka yi, jijjigar za ta iya dawowa, kuma ba kowace ake tashi daga ita ba. Ya ce ranar Alhamis masu na'urar auna ƙasa za su zo gidan, mu nuna musu inda muke zargi.

Da yammar ranar Inna ta je ƙofar Sale. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba, amma unguwa ta taru, mata ta kan katanga, matasa a bakin hanya. Sale ya rantse ya sake rantsewa, ya fito da kayansa ɗaya-ɗaya a duba, ba wanda ya saurare shi. Wani daga baya ya jefa kalmar infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari, wai dama baƙin nan ba a san abin da ya kawo su ba, kuma ku 'yan yankinmu kun san inda wannan kalma ke kai mutum. Allah ya kawo mai unguwa da wuri, ya sa aka garƙame ɗakin har ranar awo, ya ce Sale ya kwana a zaurensa, kuma ko me na'ura ta nuna ya bar unguwar ranar Alhamis don a zauna lafiya. Ya juyo ya ce ni mai gida me na ce. Kowa yana jirana, domin an san ni da faɗin gaskiya ko a kan wa. Na ce a jira awo. Ban sani ba ko in lissafa wannan a ƙarya ta uku, ni dai a wurina ta fi sauran biyun muni.

Jiya Talata na koma gida ni kaɗai da hantsi, na ɗauki tsintsiya na hau share lungun. Sai da ƙura ta tashi ta shiga hancina na tuna abin da maiɗakina ta sha ba ni labari, cewa lokacin da aka gyara gidajen ƙauyensu ba shara aka yi ba, kankare ƙasar sama aka yi aka kwashe a buhuna aka kawo sabuwa. Na jefar da tsintsiyar, na yayyafa ruwa, na zuba yashi bokiti biyu, na kifa tsohon kwano a kai na danne da dutse. Ban sani ba ko na rage ko na ƙara bazawa. Na ce wa matar maƙwabcina ta tsare 'ya'yanta saboda kunama, ta yi mini godiya, ƙaraminsu yana goye a bayanta yana tsotsar yatsa, kuma ba wanda ya gwada jininsu, domin su ba sa zuwa ƙofar Sale. Buhun yana nan a ƙarƙashin gadon mota, na rasa inda zan kai shi, duk inda na duba sai in ga wurin da yaro zai iya zuwa.

Yau abu biyu suka faru, su suka sa na zauna rubuta wannan. Na ɗaya, bayan sallar asuba Sale ya tare ni a bayan masallaci, ya durƙusa, mutumin da ya girme ni. Ya ce, "Maigida, wallahi ban taɓa shigo da dutse ba, amma mai wannan aiki ba ya rantsuwa a kan ƙura. In a jikina ta kwasa, ka yafe mini don Allah. Ina da irinta a gida." Ya miƙo mini leda da lemu a ciki ya ce in kai mata, ko in zubar in ina tsoron hannunsa. Na karɓa, na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, na juya da sauri don kada ya ga fuskata. Na biyu, da na je asibiti Ummi ta farka ta sha kunu cokali huɗu, ta kira ni, likita ya ce in ta ci gaba haka ranar Juma'a za a sallame ta mu riƙa karɓar magani daga gida. Maiɗakina ta yi murmushi karon farko tun Lahadi. Ta ce ta gama tsara komai, ɓangaren ɗakin Sale ba wanda zai ƙara bi, za ta sa a toshe, Ummi kuma a ƙarƙashin dogonyaro za ta riƙa wuni, nan ne ya fi ko'ina nisa da ɗakin. Sannan ta ce, "Malam, ka kashe kunamar?" Na ce ina nema.

Jama'a, tsoro ya cika ni ta kowane gefe. Ina tsoron na'urar ta gano gobe, a ɗaga kwano a ga sabon yashi, a san na sani na yi shiru ana wulaƙanta bawan Allah. Na fi tsoron kada ta gano, domin ɗakin mahaƙi ba ya rasa 'yar ƙura ko yaya ya kiyaye, su auna can su ga kaɗan su rufe magana, a kori Sale, Ummi ta koma kan tabarmarta ranar Juma'a. Na san dole in yi magana, ba wannan nake tambaya ba. Abin da ya gagare ni shi ne ta ina zan fara, ni da ban taɓa rasa abin da ke zuwa farko ba. In na fara da maiɗakina, ba laifina kaɗai zan gaya mata ba, zan gaya mata cewa hannunta ne ya riƙe butar, macen da ta taɓa ɓata shekara guda a kan irin wannan, kuma ita ce yanzu ke jinyar Ummi dare da rana, in ta faɗi ban san wa zai riƙe yarinyar ba. In na fara da likita, dole ya canza abin da ya rubuta, ta ji daga bakin wani, kuma wannan ba za ta yafe ba. In na fara da mai unguwa don a saki Sale a gwada 'ya'yan maƙwabci, labarin zai riga ni isa asibiti, Inna za ta kwashe 'yarta da jikarta, taron da ya tsaya a ƙofar Sale zai dawo tawa. In na fara da Sale, na sauke masa nauyi amma ban san abin da mutumin da aka yi wa haka zai yi kafin rana ta faɗi ba.

Zagi na cancanta, ku ajiye mini shi zuwa Juma'a zan dawo in karɓa. Yanzu ƙarfe ɗaya saura kwata, masu awo za su zo gobe da ƙarfe tara. Ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, ku gaya mini abin da zan yi da lungun da buhun daga yanzu zuwa safe. Iyaye mata, musamman wadda ta taɓa binne ɗa, ku gaya mini kalmar da zan buɗe baki da ita wadda za ta bar matata a tsaye. Sauran ku kuma don girman Allah ku jera mini mutum huɗun nan, wa zan fara tunkara, wa ke biye, wa zai zo ƙarshe, ku rubuto kafin la'asar, domin na yi niyyar da na sallame sallar zan tafi wurin na farkon.